Kafin ka sayar wa ɗan gwangwan tsohuwar talabijin ɗin gidanku

Idan ka taɓa buga ƙwallon PlayStation 2 a ɗakin gem a Samaru, ko ka kalli wasa a tsohuwar talabijin mai doro, ka san wannan matsalar ko da ba ka san sunanta ba. Rubutun sakamakon wasa fari ne, amma sai ka ga ja ya leƙo ta gefe guda, shuɗi ta ɗaya gefen, kamar harafi ya yi inuwa biyu. Yawancinmu sai mu ce "ta tsufa, ta gama yawo," a tura ta bayan ɗaki har ranar da ɗan gwangwan zai zo. Alhali sau da yawa lafiyarta lau, saiti ne kawai ya goce.

Ga yadda abin yake. A can cikin wuyan kwalbar talabijin mai kala akwai bindigogi uku masu harba ƙwayoyin lantarki: ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi. Duk launin da ka gani a fuskar, har da farin, haɗin ukun nan ne. Dole harbin nasu ya sauka wuri ɗaya, daga tsakiya har kusurwa. Wannan haɗuwar ita masu gyara ke kira konbajens. Da zarar ɗaya ya kauce ko da kaurin tsinke ne, idonka zai gani.

Me ke gotar da shi? Jijjiga a bayan Keke Napep ranar tashi daga gida, faɗuwa, ko zafin Afrilu da ya busar da gam ɗin 'yan robobin da ke tokare da naɗin wayar da ke wuyan kwalbar. Wani lokaci kuma wani ɗan karambani ne ya taɓa buɗewa.

Amma kada ka haɗa wannan da wata cutar. Idan tabo ne shanshanbale ko kore ya mamaye kusurwa guda, wannan aikin maganaɗisu ne, galibi sifika aka ajiye kusa. Janye sifikar, kashe talabijin daga soket, bari ta huce kamar minti 30, sannan ka kunna. Ƙarar "bumm" ɗin nan da kake ji lokacin kunnawa wata waya ce da ta zagaye fuskar take wanke maganaɗisun. Wannan kam kai ma za ka iya.

Ɗayan kuwa aikin gwani ne, kuma kallonsa ma daɗi gare shi. Tsohon mai gyara zai kunna ta ya bar ta ta ɗumama kamar minti 20. Ya jingine madubi a gabanta, domin shi yana baya hannunsa na ciki, ta madubin yake ganin hoto. Ya sa hoton layuka farare masu gilma juna. A wuyan kwalbar akwai zobban maganaɗisu, bibbiyu a jere, kowanne da ɗan kunne. Kafin ya taɓa komai sai ya ja layi da maka a kansu, don in ya ɓace ya san hanyar komawa. Biyu na tsabtace launi, biyu na haɗa ja da shuɗi, biyu kuma na ɗora haɗin nan a kan kore. Wannan na tsakiya ne. Gefe da kusurwa sun fi gardama: sai ya ɗan karkata naɗin wayar, ya sake tokare shi. Ka gyara hagu, dama ta ɓata. Shi ya sa gwani ba ya neman cikakke, yana neman inda ido zai daina ƙorafi.

To, kai da ka ga bidiyo biyu a YouTube har ka ɗauko sukudireba, tsaya. Wayar nan mai kauri da ke manne a jikin kwalbar da faifan roba tana ɗaukar wuta wajen bolt 25,000, kuma kwalbar na iya riƙe caji bayan an cire ta daga soket. Saitin kuwa a kunne ake yin sa. Cikin kwalbar babu iska, in ta fashe gilashi ne zai watsu. Gilashin bayanta kuma akwai dalma a ciki, ita dai dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ka tuna da wannan duk ranar da ka ga yaro na fasa ta da dutse don ya ciro jan ƙarfen wuyanta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, lokacin da muke fasawa wasu nema suke yi. Kamfanin Sony, wanda ya fito da Trinitron a 1968, ya daina ƙera irinta tun 2008, don haka wadda ta mutu ta tafi ke nan. A Amurka da Turai masu son tsoffin gem farautarsu suke, saboda don irin wannan fuskar aka zana wasannin, kuma ba ta jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi. Bindigar harbin agwagwa ta Nintendo ma sam ba ta aiki a filasma. Mu kuwa da muka fara ganin talabijin mai kala a tashar Jos tun 1975, masu iya wannan saitin sai raguwa suke. Yaran shago yanzu canza allon waya suke koya, kuma ba laifinsu ba ne, nan kuɗin yake.

Idan za ka kai taku Sabon Gari, nemi dattijon da har yanzu yake da madubi a shago. Kada ka ce masa "ta lalace" kawai. Ce masa fari na rabuwa gida uku, ka faɗa masa a tsakiya ne ko a gefe. Ku yi ciniki kafin ya kwance bayanta, kuma a hanyar dawowa ka sa fuskarta a kan katifa ko bargo, ka roƙi mai Keke ya bi ramuka a hankali.