"Sai Gobe": Ciwon da ke Cin Ɗalibanmu Tun Kafin Jarrabawa Ta Zo

Kowace shekara, daga watan Afrilu zuwa na Yuli, gidan da ke da ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na sakandare ba ya samun sakat. A cikin waɗannan watanni ne manyan jarrabawa uku suke bin juna kamar raƙuman ayari: ta JAMB wadda ake neman shiga jami'a da ita, da ta WAEC, sa'an nan ta NECO. A nan ƙasar Jigawa kuwa lokacin yakan zo daidai da tsananin zafin bazara, sa'ad da ɗaki ba ya zaunuwa da rana, ba ya kwantuwa da dare. Kafin a rubuta takarda ta ƙarshe kuma ruwan shuka ya sauka, gonar gero da ta riɗi suna kira.

Wanda ya zauna da matasanmu na Aujara a ƙaramar hukumar Jahun, ko na Kiyawa, ko na Dutse, ya ja su da hira a kan karatu, zai tarar bakinsu ɗaya ne a kan abu uku. Suna tsoron sakamako. Sun san akwai karatun da ya kamata su yi tun da kaka, amma suka yi ta ɗaga shi. Ga shi yanzu barci ya ƙaurace musu, kai yana ciwo, abinci ba ya shiga. Mun ga ya dace mu duba waɗannan abu uku tare, domin igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma mu iyaye da shugabannin ikkilisiya muna riƙe da bakinta guda.

Nauyin da ke kan yaro

Bari mu fara da bayyana wa iyayen da ba su bi ta wannan hanya ba irin kayan da yaro yake ɗauke da shi. A jarrabawar WAEC ɗalibi yakan rubuta darussa takwas ko tara. Sakamakon kowane darasi yana da hawa tara, daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit, D7 da E8 wucewa ce kawai, F9 faɗuwa. Manyan makarantu suna neman kiredit biyar, kuma galibi tilas Turanci da Lissafi su kasance a ciki. Watau yaro yana iya cin darussa bakwai da kyau, amma D7 guda ɗaya a Lissafi ta tsare masa ƙofa. Jarrabawar JAMB kuma darussa huɗu ce, jimlar makinta 400, kuma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta, abin da yake ƙarin fargaba ga ɗan ƙauyen da bai saba da ita ba.

Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 babu jami'a ko ɗaya a cikinta, sai a tafi Kano ko Zariya. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, aka kafa ta jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda take ɗauke da sunan Sule Lamido. Ƙofar ta matso kusa da gida, haka kuma begen iyaye ya ƙaru. A gidaje da yawa wannan yaro shi ne na fari da ya kai wannan matsayi. Ya san an sayar da akuya ko buhun riɗi saboda karatunsa, ya kuma san dukan majami'a tana jiran labari.

Inda "sai gobe" take farawa

Mu manya mukan yi saurin cewa lalaci ne. Akwai lalaci, ba mu musa ba. Amma wanda ya lura zai ga yarinyar da ta kasa buɗe littafin Lissafi ita ce ta ɗebo ruwa da asuba, ta share tsakar gida, ta yi wanke-wanke ba a sa ta ba. Wannan ba raguwa ba ce. Abin da ke faruwa shi ne, duk sa'ad da ta buɗe littafin sai ta gamu da abin da ba ta gane ba, gabanta ya faɗi, ta tuna da F9. Da ta rufe shi sai ta ji sanyi a ranta. Wannan ɗan sanyin shi ne tarkon, gama gobe ma za ta neme shi. Ga namiji kuma gidan kallon ƙwallo da wayar hannu suna nan, kullum a shirye suke su ba shi mafaka.

Ubangijinmu Yesu ya nuna wannan hali a misalin talanti, cikin Matiyu sura 25. Bawan da ya binne abin da aka danƙa masa, da aka tambaye shi dalili, tsoro ya ambata. Maigidan kuwa ya kira shi malalaci. Duka biyun gaskiya ne: tsoro ne ya haifi zaman banza, zaman banzan kuma ya jawo masa ainihin abin da yake tsoro. Haka yake ga ɗalibi. Tsoron faɗuwa yana hana shi karatu, rashin karatu yana ƙara masa tsoro, har ranar da ba sauran gobe.

Masana ma sun auna wannan al'amari. A 1997 wasu masu nazarin halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Dianne Tice da Roy Baumeister, sun bi diddigin ɗaliban jami'a tsawon zangon karatu. Suka tarar masu jinkirta aiki sun fi sauran kwanciyar rai da lafiya a farkon zango. Amma da ƙarshen zango ya zo sun fi sauran damuwa, sun fi su rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa. Ashe hutun da mai jinkiri yake ji bashi ne, kuma da ruwa yake biyansa.

Ɗan lissafi kaɗan

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bari mu gwada maganar da alƙaluma. Daga tsakiyar Satumba, sa'ad da aka koma makaranta, zuwa ƙarshen Afrilu akwai mako kamar 30. Ɗalibin da ya ware awa ɗaya tak kowace rana, kwana shida a mako, ya bar Lahadi domin sujada da hutu, zai tara awa 180. In darussansa tara ne, kowanne ya sami awa 20. Wanda ya bari sai saura mako biyu, ko da ya yi awa takwas kullum ba fashi, awa 112 kaɗai zai samu, cikin zafi da gajiya da faɗuwar gaba.

Ba a yawan awoyin kaɗai bambancin ya tsaya ba. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da mutum ya haddace yakan zube da sauri a kwanakin farko in bai waiwaye shi ba, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi ɗurawa a zama ɗaya. Manomin Aujara ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya san ruwan da ya sauka kaɗan-kaɗan cikin wata uku shi ke nunar da gero. In duka ya zubo a dare ɗaya, ambaliya ke nan.

Sai kuma barci. Likitocin barci na Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 kowace rana. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Saboda haka yaron da ya tsoma ƙafafunsa a bokitin ruwa, ya cika ciki da goro da kofi don ya kwana a kan littafi, yana zuba hatsi ne a buhun da ya huje. Mafi muni shi ne wanda abokai suka miƙa wa ƙwaya da sunan za ta buɗe masa kai. Jarrabawa takan wuce, ƙwayar ta zauna.

Gajeriyar hanya

Sa'ad da lokaci ya ƙure wa mai jinkiri, a nan ne mai jaraba yake zuwa da satar amsa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1977 aka yi babban abin kunya na fitar takardun WAEC kafin ranar rubutawa, wanda ake tunawa da shi da sunan "Ekspo 77". Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri ga ɗalibi da duk wanda ya taimake shi, hukumomin jarrabawa kuma sukan riƙe sakamako ko su soke shi. Abin baƙin ciki shi ne, wuraren da ake biyan kuɗi a rubuta wa yaro amsa a allo, cibiyoyin mu'ujiza ake ce musu, kuma akwai iyaye Kirista da suke kai 'ya'yansu can, su dawo ran Lahadi su ba da shaidar godiya. 'Yan'uwa, wace mu'ujiza ce wannan? A gari irin Aujara, inda masu bi ba su da yawa kuma kowa ya san kowa, halin ɗan Kirista a ɗakin jarrabawa wa'azi ne da maƙwabta suke karantawa.

Maki ma'auni ne na mutum

Duk da haka, kada mu ɗauki lambar da ke kan takarda kamar hukuncin ranar ƙarshe. Shekarar 2025 ta koya mana darasi. A watan Mayu shugaban hukumar JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. A watan Agusta kuma WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a wajen duba takardu, adadin ya koma kashi 62.96. Ku tuna da yaran da aka zaga, aka kira su daƙiƙai a cikin waɗannan kwanaki, alhali laifin ba nasu ba ne.

Ko da faɗuwar ta gaskiya ce, ƙofa ba ta rufe ba. Wanda WAEC ta ƙi shi yana da NECO, wadda aka kafa a 1999. Hukumomin biyu suna da jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, makarantu da yawa kuma suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Akwai Kwalejin Ilimi ta Gumel, akwai kwalejin kimiyya da fasaha a Dutse da Haɗeja, akwai sana'a. Ya kamata yaro ya ji wannan daga bakin mahaifinsa tun kafin jarrabawa, gama wanda ya san faɗuwa ba za ta kore shi daga gida ba, shi ne yake da ƙarfin zuciyar buɗe littafin da yake tsoro.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Gare ku ɗalibai: ku fara da darasin da kuka fi gudu, ku ba shi minti 20 kawai yau, kafin rana ta faɗi. Ku rufe littafin ku gwada rubuta abin da kuka tuna, ku nemi tambayoyin shekarun baya ku amsa. Abin da ya gagara ku kai wa malami ko aboki, tambaya ba ta zubar da girma. Daniyel da abokansa shekara uku aka ba su a Babila kafin su tsaya gaban sarki a gwada su, daidai da shekarunku na babbar sakandare. Allah ne ya ba su hikima, amma shekara ukun nan a makaranta suka yi su.

Gare mu iyaye: mu rage wa ɗan ajin ƙarshe aiki, musamman 'ya mace wadda talla da girki da reno suke cinye mata yini. Mu tanadi fitila. Mu riƙa tambaya me aka koya yau, maimakon na nawa ka zo, mu daina gwada shi da ɗan wane. In yaro ya daina ci, ya daina magana, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce shagwaɓa ce. A zauna da shi, a kira fasto, a kai shi asibiti. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, cikin 1 Sarakuna sura 19, abinci da ruwa da barci Ubangiji ya fara ba shi kafin ya yi masa magana.

Gare mu ikkilisiya kuma: a ƙananan majami'unmu sau da yawa matashi ɗaya shi ne na ƙungiyar mawaƙa, shi ne malamin makarantar Lahadi, shi ne mai kaɗa ganga. Wani lokaci hidimar nan takan zama wurin ɓuya daga littafi, mu kuwa muna yabonsa. Dattawa su sauke wa 'yan ajin ƙarshe wasu ayyuka daga Janairu. A buɗe majami'a da yamma ta zama ɗakin karatu, malamai da ma'aikatan da ke cikinmu su ɗauki maraice ɗaya a mako su koyar da Lissafi da Turanci, da darasin addinin Kirista inda makaranta ba ta da malaminsa. Zumuntar Mata da ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS su sa ido a kan wanda ya fara janyewa daga mutane. Addu'ar jarrabawa tana da kyau ƙwarai, amma a fara ta tun Satumba tare da jadawalin karatu. Kwanan addu'a a daren jarrabawa da shafa wa biro mai ba za su sa a kan yaro abin da bai karanta ba. 'Yan matan nan biyar na Matiyu 25 sun gane da tsakar dare cewa akwai man da ba a ara.

Da sanyin safiya ake kama fara. Ubangiji ya ba 'ya'yanmu zuciyar farawa yau, ya ba mu iyaye bakin da zai ƙarfafa su, ya kuma tsare su cikin gaskiya da salama a ɗakin jarrabawa. Amin.