Kafin a Tambayi "Na Nawa Ka Zo?", Mu Karanta Takardar Sakamakon Tukuna

Ranar da aka ba da hutu, duk wanda ya bi ta unguwar Kusugu a Daura zai ga 'yan firamare suna komawa gida da takardar sakamako a hannu. Wasu na gudu suna ɗaga ta sama, wasu sun ninke ta sun cusa a aljihu. Da sun shiga gida, tambaya ɗaya ce: "Na nawa ka zo?" Mu ma haka aka yi mana. Sai dai takardar nan tana ɗauke da bayanin da ya fi wannan lamba muhimmanci.

Mu fara da yadda ake haɗa maki. Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka tsara cewa ba jarrabawar ƙarshen zango kaɗai za ta auna ɗalibi ba, dole a haɗa da gwaje-gwajen da yake yi a cikin zangon. Shi ya sa muke ganin gidaje biyu ko uku a gaban kowane darasi. Makarantu da yawa suna ba gwaji da aikin gida maki 40, jarrabawa 60. Wasu kuma 30 da 70. Misali, yarinyar da ta ci 12 a gwajin farko na Lissafi, 14 a na biyu, 30 a jarrabawa, jimlarta 56 ke nan. Wanda ya yi fashi ranar gwaji kuwa ya zubar da maki tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa.

Sai haruffan A, B, C zuwa F. A firamare kowace makaranta tana da iyakarta, don haka mu duba ƙasan takardar ko bayanta, inda ake rubuta ma'anar kowane harafi. A wurare da dama A tana farawa daga 70, kuma ƙasa da 40 faɗuwa ce. Yayyenmu na sakandare suna da nasu ma'aunin na WAEC, daga A1 zuwa F9, inda C6 ce mafi ƙarancin kiredit. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, da muke iyaka da su, akan ba su maki a kan 10 ko 20. In ɗan gwaggonka na Damagaram ya ce ya ci 15, kada ka yi masa dariya, daidai take da 75 a wajenmu.

Yanzu mu dawo kan matsayi. A ce wani ya zo na 3 da matsakaicin maki 48, wani a wani ajin ya zo na 15 da 68. Na biyun ya fi na farko fahimtar karatu, amma shi ne zai sha faɗa a gida. Matsayi yana gwada ɗalibi ne da 'yan ajinsu kawai. Abin da ya fi dacewa shi ne mu ajiye takardar zangon jiya kusa da ta yau. Wanda ya tashi daga 35 zuwa 50 a Turanci ya cancanci yabo ko da na 30 ya zo.

Akwai kuma gidajen da ba mu cika dubawa ba: kwanakin zuwa makaranta, tsafta, ɗa'a, rubutun hannu, da sharhin malamin aji da na hedimasta. Sau da yawa a nan dalilin faɗuwa yake. Yaron da ya rasa kwana 20 saboda talla, gona ko zazzaɓi ba daƙiƙi ba ne.

A tsarin ilimin bai-ɗaya da dokar 2004 ta kafa, shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare a haɗe suke, don haka yaro na iya ta wucewa aji-aji alhali bai iya karatu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗalibai, kada mu ɓoye takarda ko mu goge maki. Mu zaɓi darasin da ya fi ba mu wuya, mu ce wa malam ya ƙara mana bayani. Iyaye kuma, wanda bai yi boko ba ya sa yaya ko maƙwabci ya karanta masa, sannan ranar komawa ya raka ɗansa makaranta ya ji daga bakin malamin aji.