Mai labo da ƙwaya mai sojan gona

Ranar awo, mata sun san ungozoma, sun san mai ba da magani. Mai labo kuwa sai ta taga: a miƙa masa kwalba, ya maido takarda. A Tasawa da Mayahi yawancin yininsa gwajin zazzaɓin cizon sauro ne, da ƙarfin jini, da fitsarin masu ciki.

Amma akwai aikin da ke raba gwani da ɗan koyo: farautar ƙwayar sitiraftokokus ta rukunin B. Tana zaune lafiya lau a hanji da al'aurar mace, ba ciwo ba ƙaiƙayi, amma ranar haihuwa tana iya kama jariri da sanƙarau ko ta shiga jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kusan kashi 15 cikin 100 na masu ciki suna ɗauke da ita.

Ana dangwalo ruwan jikin mai ciki da auduga wajen mako na 36, a shafa a faranti mai jinin tumaki, a kwantar da shi cikin ɗumin digiri 37 har washegari. Nan ake yinta. Tumaki dai ba su yi wa ƙasar nan kaɗan ba, sai dai jinin da aka ɗiba da tsabta, aka hana shi daskarewa, ba a mahauta ake samunsa ba. Wuta kuma in ta ɗauke tsakar dare, aiki ya koma baya. Da safe mai labo yana ɗaga farantin ga haske, ya duba yadda ƙwayar ta cinye jinin da ke kewaye da ita. Ta rukunin B kaɗan take ci, siririyar da'ira. In da'irar ta yi faɗi, gwani yakan tsaya.

Dalili, akwai mai sojan gona. Streptococcus pseudoporcinus, wadda sai 2006 aka raɗa mata suna, ita ma a jikin mata ake samunta, kuma takan amsa gwajin rukunin B na tsarin da Rebecca Lancefield ta kafa a 1933. Kama da wane ba wane ba ce. Tantance ta galibi sai manyan na'urori, ko binciken ƙwayoyin halitta.

Ni dai na fi yarda da mai labon da zai rubuta cewa yana da shakka, ya rufe samfurin, ya nemi motar da za ta kai shi Maraɗi ko Yamai, alhali ungozoma tana tsaye bakin taga tana jiran takarda.