Michael Nnadi, Yaron da Ya Yi wa Masu Garkuwa da Shi Wa'azi

A daren 8 ga Janairun 2020, wasu mutane sanye da kayan soja suka keta shingen makarantar Good Shepherd da ke Kakau, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Makaranta ce ta horar da masu son zama Fada a cocin Katolika. Suka yi ta harbi, suka kwashe wayoyi da kwamfutoci, sannan suka tasa ƙeyar ɗalibai huɗu zuwa daji. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne Michael Nnadi, ɗan shekara 18, wanda cocin Katolika na Sakkwato ya tura karatu.

Sunansa na Ibo ne, amma ɗan Sakkwato ne. Maraya ne, tagwaye ne shi da ɗan'uwansa, kuma a hannun kakarsu suka tashi. Yankin cocin Sakkwato da Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011 yana da faɗi ƙwarai, a wancan lokacin ya haɗa da Sakkwato da Zamfara da Katsina da wani ɓangare na Kebbi, Kiristoci kuma 'yan tsiraru ne a cikinsa. Da Allah ya ja da ransa har aka naɗa shi Fada, ba mamaki a irin garuruwan nan na bakin iyaka, su Isa da Sabon Birni, zai ƙare da aiki. A shekararsa ta farko yake a makarantar, ko zama bai gama yi ba.

Daga baya ɗaya daga cikin ukun da suka tsira ya ba da labarin zaman da suka yi a dajin. An yi ta tafiya da su a ƙafa cikin dare kafin a ɗora su a babura. Idanunsu a ɗaure suke yini, bulala kuwa ba fashi. Shinkafar da ake ba su, a cikin kwanon da ake ɗurar mai a babur ake zuba ta, suna ci suna jin warin baƙin mai. Duk wanda ɗan'uwansa ya taɓa kwana a hannun 'yan bindiga a gabashin Sakkwato ba sai an yi masa bayanin wannan kwano ba.

To, a cikin wannan hali ne Michael ya ƙi yin shiru. Wani daga cikin masu gadinsu ya fara yi masa tambayoyi kan addininsa, shi kuma yana amsa masa dalla-dalla, har ta kai mai gadin ya roƙi a koya masa Addu'ar Ubangiji, addu'ar da kowane Kirista ke haddacewa tun yana yaro. Michael ya koya masa. Mai riƙe da bindiga ya zama ɗalibi, ɗaurarre ya zama malami. Matasan da ya yi burin ya kula da su a coci bai kai ga samunsu ba. Matasan da ya samu su ne waɗannan da daji ya cinye, kuma bai raina su ba, ya yi musu magana a matsayin mutanen da za su iya tuba.

Bayan kwana goma da sace su aka tsinci ɗalibi na farko a gefen hanya, jikinsa duk rauni. A ranar 31 ga Janairu aka sako biyu. Washegari, 1 ga Fabrairu, Bishop Kukah ya sanar cewa an samu gawar Michael. Saura makonni kaɗan ya cika 19.

Dalilin kisan ya fito ne daga bakin wanda ya amsa cewa shi ya yi shi. Bayan 'yan sanda sun kama shugaban gungun, wani mai shekara 26, ya faɗa wa jaridar Daily Sun cewa tun ranar da suka kama yaron bai bar shi ya huta ba: kullum wa'azi yake masa, yana ce masa ido da ido ya bar mugun aiki ko ya hallaka. Wannan ƙarfin hali ne ya ɓata masa rai. Ni dai ina ganin babu mai imani, Musulmi ko Kirista, da zai ji wannan bai girmama yaron ba, domin faɗa wa azzalumi gaskiya a gabansa abu ne da dukkanmu aka koya mana darajarsa, 'yan kaɗan ne kawai ke iyawa.

An binne shi ranar 11 ga Fabrairu a harabar makarantar da aka ɗauke shi. A huɗubar jana'izar, Bishop Kukah ya caccaki gwamnatin Shugaba Buhari kan taɓarɓarewar tsaro, maganar da ta tayar da ƙura a ƙasa baki ɗaya. A ranar 1 ga Maris, bishop-bishop na Katolika suka fito titunan Abuja sanye da baƙaƙen kaya, suna neman a daina zubar da jinin 'yan Najeriya.

Jinin bai tsaya ba, kuma bai tambayi addinin kowa ba. A watan Mayun 2020 aka kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya a cikin motarsu a kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024, Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, dattijo mai rawani, ya rasa ransa a hannun masu garkuwa bayan duniya ta gan shi a bidiyo, a ɗaure, yana neman a kawo masa ɗauki. Jiha ɗaya ce, wato Sakkwato, ta yi rashin sarkin da ɗalibin, shekara huɗu da rabi tsakani.