Kofato shi ne doki: gargaɗi ga masu dawaki na Icirnawa

A Icirnawa, cikin gundumar Kance ta jihar Damagaram, doki abin alfarma ne, jaki kuwa shi ne ƙarfin manomi. In hawan salla ya gabato, masu dawaki sukan yawaita musu dawa da gero da dusa don su yi ƙiba. Wannan gata yana iya jawo ciwon kofato, wanda ya fi kama ƙuru da doki mai ƙiba, bai kuma ƙyale jaki ba.

Cikin kofato akwai ƙashi, akwai kuma ƴan siraran tsoka masu manne ƙashin da bangon kofato. In dabba ta ci hatsi fiye da kima, ko ɗanyar ciyawar farkon damina, sai wannan mannin ya kumbura ya saki, ƙashin ya karkata ƙasa. Haka kan faru ga goɗiyar da mabiyiya ta wuce awa 3 ba ta faɗo ba bayan haihuwa. Ciwon ba na wasa ba ne: shi ya yi ajalin Secretariat, shahararren dokin sukuwa na Amurka, cikin shekara ta 1989.

Alamunsa a fili suke. Kofatan gaba sukan yi zafi, jijiyar bayan idon sawu ta riƙa bugawa da ƙarfi. Dokin ya miƙe ƙafafun gaba, ya mai da nauyinsa baya, ya ƙi tafiya ko ya yawaita kwanciya.

Da an ga haka, sai a tsai da hatsi nan take, a sauke sirdi da amalanke, a turke dabbar bisa rairayi mai laushi. A tsoma ƙafafun cikin ruwan sanyi, ana sake ruwan a kai a kai. A ba ta busasshiyar ciyawa, a aika a kira likitan dabbobi daga Matamaye. Tilasta mata tafiya ƙara ɓarna ne.

Bayan zafin ya kwanta sai yankan kofato. Gwani ne zai yi shi, bisa shawarar likita: ya rage tsawon bakin kofato kaɗan kaɗan, kada ya fafe tafin, gama ƙashin yana kusa. A maimaita kowane sati 4 zuwa 6. Kofato yana tsiro abin da bai wuce santimita 1 ba a wata, sabo kuwa ba ya cika sai kusan shekara guda. Mai gaggawar hawa yana iya rasa dokinsa ɗungum.

Dabbar da ta taɓa wannan ciwo tana iya sake kamuwa. Don haka a auna mata hatsi, a rufe rumbu da kyau, a duba kofatanta kowace safiya. Rigakafi ya fi magani.