Masu Sassaƙa Sauti a Kan Kaki

A garin Richmond na jihar Indiyana, a Amurka, akwai wani kwari da kogin Whitewater ya ratsa. A cikinsa kamfanin Starr ya kafa masana'antar ƙera fiyano, kuma a 1917 iyalan Gennett, masu kamfanin, suka ƙara da sana'ar buga faifan garmaho da sunan gidansu. Ɗakin ɗaukar sautinsu wani dogon ɗaki ne na katako a bayan masana'anta, dab da layin dogo. In jirgin ƙasa ya taho, kowa sai ya sauke abin busarsa a jira ya wuce, don girgizar ƙasa kaɗai ta isa ta ɓata aikin. A wannan ɗaki Louis Armstrong ya fara shiga faifai, a watan Afrilun 1923, yana busa a ƙungiyar King Oliver. A nan kuma Hoagy Carmichael, makaɗin fiyano ɗan garin Bloomington, ya ɗauki kiɗansa "Star Dust" ranar 31 ga Oktoba, 1927.

Amma faifan da ya shiga hannun mai saye, tafiyarsa ta faro ne daga dazuzzukan Indiya. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke manne wa reshen bishiya yana tsotsar ruwanta, yana fitar da wani irin ƙaro da ke daskarewa a jikin reshen. Manoma su sare rassan su kankare ƙaron, a daka, a wanke, a zuba a doguwar jakar yadi a gasa a bakin wuta har ya narke ya tsatso, sa'annan a miƙar da shi fale-fale ya bushe. Shi ne shalak, kuma a wancan zamani daga tashar Kalkata ake lodinsa zuwa Amurka. Da yake da tsada, ba zallarsa ake amfani da shi ba. Akan haɗa shi da garin dutse mai laushi, wanda shi ne ma mafi yawa, da baƙin kunkunniya don launi, da ɗan zaren auduga don ya riƙe jiki. Garin dutsen nan da gangan ake sa shi, don ya riƙa cin bakin allurar ƙarfe maimakon allurar ta cinye faifan. Shi ya sa masu garmaho na lokacin ke sayen allura gwangwani guda, ana canjawa kusan bayan kowace waƙa.

Wanda ke riƙe da ɗakin Richmond a lokacin shi ne Ezra Wickemeyer, kuma aikinsa ya cancanci a tsaya a kansa. Kafin zuwan makirfo, babu lantarki ko kaɗan a cikin ɗaukar sauti. Wani babban mazurari ne ke leƙowa ta bango. Makaɗa su tsaya a gabansa su yi kiɗa, iskar sautin ta shige ta ƙuntataccen bakinsa ta kaɗa wani ɗan siririn faranti, farantin ya motsa allura, allurar ta yi ta sassaƙa layi a kan wani kakkauran faifan kaki mai juyawa sau 78 a minti. Ƙarfin sautin da kansa ne ke yin sassaƙar. Saboda haka babu maɓallin ƙara murya ko rage ta. Abin da mai ɗauka yake da shi shi ne ƙafafun makaɗa. Mai ƙaramar murya a jawo shi gaba, mai busa ƙaho a tura shi baya, a gwada, a sake jeri, a sake gwadawa. Babbar ganga kuwa sau da yawa haƙura ake yi da ita, don dukanta na iya sa allura ta yi tsalle daga layi, sai mai ganga ya koma ƙwanƙwasa guntun katako.

Ga kuma zafi. Kakin sai da laushi yake karɓar sassaƙa, don haka ɗakin a ɗumame yake kullum, bango cike da dusar katako, an rataye labule masu kauri don kashe amo. Makaɗa sukan tuɓe kwat su yi aiki cikin gumi. Faifai mai faɗin inci goma minti uku kawai yake ɗauka a kowace fuska, kuma in wani ya yi kuskure a daƙiƙar ƙarshe, babu gyara, sai a ɗauko sabon kaki a koma farko. Ko sauraron abin da aka ɗauka ba a yi a kan kakin da za a ajiye, don allurar sauraro tana lalata shi.

A irin wannan yanayi aka ɗauki kiɗan farko na Carmichael da ya shiga faifai. Abokinsa Bix Beiderbecke da ƙungiyar Wolverines ne suka buga shi a watan Mayun 1924, da sunan "Riverboat Shuffle". Shekara guda bayan haka Carmichael da kansa ya zauna a kan fiyano aka ɗauki "Washboard Blues". Lokacin ɗalibin shari'a ne a Jami'ar Indiyana. Fiyano kuwa a gida ya gaje shi: mahaifiyarsa tana kaɗawa a gidajen sinima zamanin da fim ba ya magana, sannan wani makaɗi baƙar fata a Indianapolis, Reginald DuValle, ya buɗe masa ido a kan salon jaz. Ya gama karatu a 1926, ya ɗan taɓa aikin lauya a Florida, zuciyarsa ba ta zauna ba, ya dawo kiɗa. Kafin ya ɗauki "Star Dust", makirfo ya riga ya shigo. Kamfanonin Victor da Columbia sun fara amfani da shi tun 1925, Gennett ya biyo baya. Fiyano, wanda mazurari ke dusashe wa murya, yana cikin waɗanda suka ci moriyar wannan canji.

Daga ɗakin ɗauka, kakin sai sashen zubi. A shafa masa garin bakin fensir don ya karɓi lantarki, a tsoma shi a kwatarniyar sinadari har jan ƙarfe ya taru a fuskarsa. In an ɓamɓare, an sami farantin ƙarfe mai layuka a juye. Daga shi a cire wanda suke kira uwa, daga uwa a cire farantan bugu. Mai injin matsa ya ɗaura farantai biyu, sama da ƙasa, ya aza takardar suna, ya sa curin shalak mai zafi kamar ƙullin fura, ya rufe. Tururi ya narkar, ruwan sanyi ya daskarar, ya buɗe ya ciro faifai. A gyara gefe, a duba, a sa a ambulan, a jera a akwati da abin tare, don faifan shalak faɗuwa ɗaya ya tarwatse.

A shago a wancan zamani, faifan Gennett santi 75 ne. Kamfanin yana da wani tambari mai araha, Champion, uku dala ɗaya, inda akan sake buga kiɗan da aka riga aka ɗauka a sa wa makaɗan sunayen ƙarya. Yana kuma buga wa kamfanin Sears, mai sayar da kaya ta gidan waya. Duk wanda ya zo da kuɗinsa ma ana buga masa, har da ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙar fata, wadda ke da ƙarfi a Indiyana a lokacin. Wannan tabo ne a tarihin kamfanin, kuma babu amfanin ɓoye shi.

To, a lokacin nawa ke isa hannun mai kiɗa? Makaɗa galibi sau ɗaya ake sallamar su, ko a yanka musu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowane faifai. Wanda ya tsara kiɗan kuwa, dokar haƙƙin mallaka ta 1909 ta yanke santi biyu a kan kowane faifan da aka buga, kuma wannan ma sai ya raba da kamfanin da ke buga masa takardun kiɗa. Wani lokaci har sunan yake rabawa: Irving Mills, mai buga takardun, sunansa ya hau kan "Riverboat Shuffle" a matsayin abokin tsarawa.

"Star Dust" na 1927 kiɗa ne zalla mai ɗan sauri, kuma bai yi wata kasuwa ba. Sai da Mitchell Parish ya sa masa baitoci a 1929, ƙungiyar Isham Jones ta sassauta gudunsa a 1930, sannan ya bazu. Daga nan mawaƙa suka yi ta sake ɗaukarsa sama da sau dubu, kowace ɗauka da kason Carmichael a ciki. Shi ya ci ribar sana'ar har rasuwarsa a 1981, saboda shi ne mai kiɗan.

Masu kwarin Whitewater ba su yi wannan sa'a ba. Karyewar tattalin arziki ta 1929 da rediyo mai kawo kiɗa kyauta suka taru a kan kasuwar faifai: daga faifai sama da miliyan 100 a 1927, cinikin Amurka ya faɗo zuwa wajen miliyan 6 a 1932. An daina tambarin Gennett a 1930, Champion ya lallaɓa zuwa 1934, kuma farantan ƙarfe masu yawa aka sayar da su a matsayin tsohon ƙarfe. Mafi yawan kiɗan Gennett da ake saurara a yau, daga tsofaffin fayafayen da mutane suka saya suka adana a gidajensu aka kwafo shi.