Harafi Ɗaya Ne Tsakanin Kabo Da Kano

Duk akawun da ya taɓa zama gaban tafireta ya san harafin b da harafin n maƙwabta ne, kafaɗa da kafaɗa su ke a layin ƙasa. Yatsa ya ɗan goce kaɗan, sai wasiƙar da aka nufi Kabo da ita ta tashi da sunan Kano. A zamanin En'e abin bai cika yin muni ba. Wasiƙa ta isa gidan waya na birni, a duba a ga babu mai wannan suna, sai a buga mata hatimi a komo da ita wurin mai ita, ko kuwa wani dattijon ma'aikaci ya gane inda aka nufa ya jefa ta cikin jakar da za ta bi hanyar Gwarzo. Ko wanne aka yi, ba wanda ya buɗe ta, ba kuma wanda ya ci riba da kuskuren akawu.

Abin da ya tuna mana da wannan shi ne wani abu da muka gani muna rangadin makarantu a ƙasar Gwarzo. Yau malami ba shi da makawa sai ya shiga intanet. Tun shekarar da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, watau 2015, harkar ta game ko'ina, ga duba sakamakon WAEC da NECO, ga rajistar malamai. Muka tarad da wani malami a shagon kwamfuta, ya zo daga ƙauye da kuɗin yara uku a aljihu, zai duba musu sakamako. Ya rubuta adireshin hukumar jarrabawa ya tsallake harafi ɗaya. Maimakon a ce masa ya yi kuskure, sai wani shafi ya buɗe, mai launi da hoton ɗalibai suna murmushi, da jerin wurare ana cewa latsa nan. Malam ya zaci ya iso. Ba don yaron shagon ya leƙo ba, da kuɗin nan sun tafi inda ba a komowa. Muka tambaye shi me ya sa bai yi shakka ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai da na yi kuskure da ta gaya mini."

Wannan magana ta malam ita ce aka yi babbar rigima a kanta a duniya cikin 2003, kuma ya kamata malamai da ma'aikatan ofis su san labarin.

Sai mu fara da yadda abin ya ke aiki. Kowace na'ura da ke riƙe da shafi a intanet lamba gare ta, da lamba a ke samunta. Amma mutum ba ya iya haddace lambobi barkatai, saboda haka a 1983 wani masani a Amurka, Paul Mockapetris, ya tsara wani kundi wanda ke haɗa suna da lamba. In ka rubuta adireshi, na'urarka ta kan aika tambaya wurin masu riƙe da kundin, ta ce wace lamba ce ta wannan suna? Amsa iri biyu ce kawai. Ko a ba ta lamba, ko a ce mata babu wannan suna. Kundin ya kasu kashi kashi bisa ga ƙarshen adireshi. Na Nijeriya .ng ne, na Nijar .ne, na Kamaru .cm. Amma mafi girma duka shi ne .com, da ɗan'uwansa .net, waɗanda wani kamfani na Amurka mai suna VeriSign ke riƙe da su bisa yarjejeniya da ƙungiyar ICANN, mai lura da sunayen intanet na duniya.

Ran Litinin 15 ga watan Satumba 2003, ba tare da shawara da jama'a ba, VeriSign ya ƙara layi guda cikin kundin .com da na .net. Ma'anar layin ita ce, duk sunan da aka tambaya wanda babu shi, kada a ce babu, a ba da lambar wata na'ura ta kamfanin. Aka sa wa abin suna Site Finder. Daga ran nan duk wanda yatsansa ya goce, ko a Legas ya ke ko a Alƙahira ko a Tokyo, sai ya tsinci kansa a shafin VeriSign, inda za a jera masa sunayen da a ke zato ya nufa, da akwatin bincike, da tallace-tallacen waɗanda suka biya kuɗi. Kowane latsi a kan talla kuɗi ne ga kamfanin, kuskuren kuwa miliyoyi ne kowace rana.

Kamfanin bai rasa hujja ba, kuma adalci ne mu kawo ta. Ya ce taimako ya ke yi, gama wanda ya ɓata gara a nuna masa hanya da a bar shi tsaye gaban bango. Ya ce kuma ba shi ya fara ba, tun da manhajar Internet Explorer ta kamfanin Microsoft ta riga ta saba kai masu kuskure shafin bincikenta na MSN. Wannan gaskiya ne. Amma akwai bambanci wanda duk mai bin mota ya sani. Ɗan kamasho a tasha ya ja hannunka zuwa motarsa, kana iya fizgewa ka nemi wata. In kuwa wanda aka ba amanar allunan hanya ne ya bi dare ya juya su duka suka fuskanci shagonsa, to ba ka da wata hanya. Wanda bai so dabarar Microsoft ba ya kan canza manhaja. Kundin .com kuwa guda ɗaya ne a duniya.

Ɓarnar ta fi yawa inda ido ba ya gani, gama ba mutane kaɗai ke tambayar kundin nan ba, har da na'urori, su kuwa ba su karanta talla. A ɗauki wasiƙar imel. A da in ka kuskure adireshin wanda za ka aika wa, nan take a ke sanar da kai babu wannan wuri, ka gyara. Bayan 15 ga Satumba sai na'urar aika wasiƙu ta ga ai wurin yana nan, ta nufi na'urar VeriSign da saƙonka. Kamfanin ya ce na'urarsa korar wasiƙun ta ke yi ba ta karantawa. Ko da haka ne, sunan mai aikawa da na wanda aka aika wa sun riga sun isa hannun wanda ba ruwansa da su. Sa'an nan ga masu tace wasiƙun 'yan damfara. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce su duba ko adireshin da mai wasiƙa ya ce daga can ya ke akwai shi. In babu, sun san ƙarya ce, su zubar. Da aka wayi gari kowane suna akwai shi, har wanda aka ƙaga yanzu yanzu, sai wannan dabara ta mutu. Wani abu kuma da ya taɓa mu, mu masu koyarwa: mutumin da na'urarsa ke gaya masa ya yi kuskure da Larabci ko Faransanci ko Sinanci, yanzu shafi ne na Ingilishi zalla a ke miƙa masa, ya iya ko bai iya ba.

Jama'a ba su tsaya jiran hukuma ba. Tun mako bai cika ba, ƙungiyar da ke kula da BIND, watau manhajar da akasarin masu amsa tambayar suna ke aiki da ita, ta fitar da gyara wanda ke gane amsar VeriSign ya mai da ita babu kamar da. Kamfanonin sadarwa da jami'o'i da yawa suka ɗora gyaran, waɗansu suka toshe lambar Site Finder ɗungum. Waɗansu kamfanoni, har da Go Daddy mai sayar da sunaye, suka kai ƙara kotu. ICANN ta fara da lallashi, ta roƙi a dakatar, kamfanin ya ƙi. Ran 3 ga Oktoba shugabanta, Paul Twomey, ya rubuta takarda ya ba da wa'adi zuwa washegari. Ran 4 ga wata aka cire layin. Kwana 19 ke nan abin ya yi.

Kada mai karatu ya zaci kamfanin ya tashi a tutar babu. A watan Fabrairu 2004 ya kai ICANN kotu, yana cewa ta wuce gona da iri. A watan Yuli na shekarar kwamitin tsaro na ICANN, ƙarƙashin Steve Crocker, ya fitar da rahoto cewa kada a sake irin wannan. Aka yi ta ja har 2006, sa'ad da aka sasanta: an janye ƙara, an kafa ƙa'idar cewa sai an duba kowane sabon abu kafin a taɓa kundin, VeriSign kuma ya ci gaba da riƙe .com tare da izinin ƙara kuɗin rajistar suna har kashi 7 cikin 100 a shekara huɗu daga cikin shida. A 2009, a taronta na birnin Sidni, ICANN ta hana wannan dabara a duk sababbin ƙarshen adireshi da za ta ba da.

Hanin bai kai ga na ƙasashe ba, gama kowace ƙasa ita ke da iko da nata. Maƙwabtanmu na gabas sun nuna haka. Wanda ya nufi .com ya tsallake harafin o, Kamaru ya tafi. A 2006 masu riƙe da .cm suka sa irin layin nan, ya zama duk sunan da babu shi a can yana kai mutum wani shafin talla mai suna Agoga, wanda wata mujallar Amurka ta bayyana a 2007 cewa na wani ɗan kasuwar sunaye ne a Kanada, Kevin Ham. Mali kuma ta sami nata rabon ba ta nema ba: a 2023 jaridar Financial Times ta ba da labarin wasiƙu miliyoyi na sojan Amurka, masu ƙarewa da .mil, da suka yi shekaru suna faɗawa .ml. Mu lura .net ma in t ta faɗi, Nijar ke nan.

Kamfanonin da ke sayar wa jama'a layin intanet su ma suka ɗauki dabarar, kowa a kan nasa masu saye, kamar yadda EarthLink ya yi a Amurka a 2006. Abin ya yawaita har masu manhajar Chrome suka sa ta riƙa ƙaga sunaye uku na banza duk sa'ad da aka buɗe ta, ta tambaya, don ta gane ko ana yi mata ƙarya. A 2020 aka auna aka ga waɗannan tambayoyin banza sun kusa rabin duk abin da ke isa tushen kundin duniya. Masu binciken da suka auna kuwa ma'aikatan VeriSign ne.

Mu a nan mun san ɗanɗanon cin riba da gocewar yatsa ta wata fuska. Wa bai taɓa latsa lamba bisa kuskure ba, ya wayi gari an sa masa waƙar kira ana cire masa kuɗi kowane mako? Kukan jama'a ne ya sa hukumar NCC ta kafa lambar 2442 a 2016, wadda a ke aika wa STOP don a daina turo saƙonnin talla.

To, ina aka kwana game da malaminmu na Gwarzo? Abin da ya same shi hanya biyu ya kan zo yau. Ta farko, wani ya riga ya sayi sunan da ya yi kama da na hukuma, da harafi ɗaya a sauye, ya zauna yana jira kamar mai tarko. Ta biyu, wurin rubuta adireshi a waya shi ne kuma wurin bincike, in abin da ka rubuta bai cika adireshi ba sai a miƙa shi ga kamfanin bincike, wanda sau da yawa ya kan sa masu biyan kuɗi a sama. Girman kuɗin da ke cikin wannan ya fito a wata shari'a a Amurka, inda takardu suka nuna Google ya biya Apple dala biliyan 20 a 2022 kaɗai don ya zama shi ne a ke fara kai wa tambaya a na'urorin Apple. A watan Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya karya dokar hana danne kasuwa.

Saboda haka muna ba shugabannin makarantu da akawunan ƙananan hukumomi shawara, daga Getso har Garo, su rubuta adireshin kowace hukuma da su ke hulɗa da ita da manyan baƙaƙe, su manna a bangon ofis kamar jadawalin darasi. A koya wa yara karanta adireshi daga ƙarshe, gama can ne shaida ta ke. Mai ƙarewa da .gov.ng ba a sayar da shi ga kowa, hukumomin gwamnati kaɗai a ke ba, ta hannun hukumar NITDA, alhali .com kowa na iya saye da kuɗi kaɗan cikin minti biyar. Ba kowace hukumar jarrabawa ke amfani da .gov.ng ba, don haka a kwafo adireshin daga takardar hukumar ita kanta, kada a karɓa daga saƙon waya.

Wanda kuma ke son ya san halin layin da ofishinsa ke biya, gwajin ba wuya. Ya ƙaga suna mai tsawo marar ma'ana, baƙaƙe 20 ko fiye, ya ƙara .com a ƙarshe, ya latsa. In an ce masa ba a sami wurin ba, layinsa na faɗin gaskiya. In shafin talla ya buɗe, ya rubuta ranar da sunan da ya gwada, ya kai wa kamfanin da ya sayar masa da layin, in ba su gyara ba ya kira NCC a lamba 622.